Wace akuya za ka ajiye don shayar da marayun 'ya'yan tumaki?

Duk mai kiwon tumaki, ko tunkiya biyu gare ka a bayan gida ko garke guda, wata rana sai ka wayi gari da ɗan rago ba uwa. Ko dai uwar ta mutu wajen haihuwa, ko ta haifi biyu ta rungumi ɗaya ta dinga tunkuyin ɗaya, ko kuma tana son abinta amma hantsar ba komai, wani lokacin ma ciwon nono ya riga ya kashe ɓangare guda. Daga nan sai a fara guje-guje, a aiki yaro shago ya siyo madarar gari ta shayi a dama a ɗura masa, kwana biyu uku zawo ya kama shi shikenan an yi asara, kuma in Balami ne ko Uda ai ba ƙaramar asara ba ce, ragon layyar baɗi ne ya tafi. Madarar shayin nan da yawanta an cire man nonon an sa man itace a madadinsa, ba don cikin ɗan rago aka yi ta ba. Abin da ya fi shi ne a samu akuya mai nono a gida, to amma wace iri, nan ne mutane ke zubar da kuɗi a banza.

Kafin maganar iri bari mu fara da lissafi, don in ba ka san yawan nonon da kake nema ba dillali zai sayar maka da abin da ya ga dama. Ɗan tunkiya yana shan abin da ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyin jikinsa a rana. Wato in an haife shi da kilo 3, a satin farko yana buƙatar wajen rabin lita ko sama kaɗan, ka ɗauki ledar fiya wata guda a matsayin awo tunda rabin lita ce. Zuwa sati uku huɗu zai kai lita ɗaya, manyan iri irin Balami su wuce haka. Sannan akwai wani abu da ba kowa ke lura ba, nonon tunkiya ya fi na akuya kauri nesa ba kusa ba, maiƙonsa yana kai kashi 6 zuwa 7, na akuya kuwa yawanci 3 da rabi zuwa 4 da ɗan wani abu. Don haka ɗan ragon da ke kan nonon akuya sai ya sha da ɗan yawa kafin ya samu abin da zai samu a wajen uwarsa, kuma akuyar da nononta ke da kauri ta fi maka amfani a kan wadda ke zubo da yawa amma tsararo.

To mu zo kan namu na gida. Jar akuya, wadda ake ce wa jar Sakkwato a Najeriya, a Nijar kuma akuyar Maraɗi, ita ce ta cika gidajenmu daga Sakkwato, Zamfara, Katsina, Kano har Zariya. An fi saninta da fata, fatarta ce aka dinga ƙetarawa da ita Sahara har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, amma tana da nono daidai gwargwado, a Maraɗi ma akwai cibiya ta gwamnati da aka kafa musamman don kula da wannan iri da rarraba shi ga mata a ƙauyuka. A kiwo irin namu na sake-ta-ta-nema tana ba da kamar rabin lita a rana, in ta samu dusa da harawa yadda ya kamata mai kyau a cikinsu tana iya taɓa lita ɗaya, kuma nonon na da kauri. Matsalarta ɗaya a wannan aikin, 'yar tagwaye ce, ta saba haifar biyu wani lokaci uku, kaga in 'ya'yanta biyu na tsotso babu wani rara da zai kai ga marayanka. Saboda haka in jar akuya za ka nema, nemi wadda ta haifi ɗaya, ko wadda ɗanta ya mutu ba da wata cuta mai yaɗuwa ba, ko wadda 'ya'yan sun yi wayo an kusa yaye su kuma har yanzu hantsar na cika.

Sai doguwar akuyar nan ta Sahel, mai dogayen ƙafafu da kunne a ɗan sake, fara ko mai roɗi-roɗi, wadda za ka gani a Borno, Yobe, Diffa, Damagaram har Chadi, wasu na kiranta farar Borno wasu Buzuwa. Ni a ganina in kana can arewa sosai inda ƙasa ke bushe, wannan ta fi dacewa da aikin marayu. Dalili kuwa, mutanen da ke kiwonta, Buzaye da Fulani da Larabawan Shuwa, dama tatsarta suke yi su sha, don haka da yawansu sun saba da hannu, ba sai an yi kokawa ba. Sau da yawa ɗaya take haifa, kenan akwai rara, kuma tsayinta ya yi daidai da ɗan Balami ko Uda mai dogon wuya, zai shiga ƙarƙashinta ba wahala. Amma ba ta son laima. Ka kai ta kudancin Kaduna ko Neja ko wajen Abuja da damina sai tari da tsutsar ciki da ciwon kofato su sa ta gaba.

Gajerun awakin kudu kuwa kar ka ɓata lokacinka, suna da juriya ga cutar sammore amma nonon da ƙyar yake isar 'ya'yansu, ga hantsa a ƙasa, ɗan ragon sati biyu ma ya fi ƙarfin shiga ƙarƙashinta.

Yanzu na waje, waɗanda hotunansu suka cika Facebook da TikTok kowa na so ya ce yana da su. Da farko a raba tsakani, Bowa da Kalahari da ake ta yayi, daga Afirka ta Kudu suke kuma awakin nama ne, nononsu na da maiƙo amma ba sa daɗewa suna bayarwa, kar girman jiki ya ruɗe ka ka zuba kuɗi mai yawa kana jiran nono. Na nono na gaskiya su ne irin su Sanen da Togenbag daga Suwizalan, da Alfayin daga Faransa, da Anglo-Nubiyan da aka haɗa a Ingila, da kuma Shami ta ƙasar Siriya da kewayenta.

Sanen fara ce sol, kunne a tsaye, ita ce ta fi kowa yawan nono, a can ƙasarsu lita 2 zuwa 3 a rana ba abin mamaki ba ne kuma tana iya yin wata tara goma ana tatsa. A takarda kam sai ka ce an gama magana, akuya ɗaya ta riƙe marayu uku. Amma a duba, nononta ne mafi ƙarancin maiƙo a cikinsu, wajen kashi 3 zuwa 3 da rabi, sannan dabbar tsaunuka masu sanyi ce, fatarta fara har rana na ƙona ta, ka kawo ta Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40 sai ta koma inuwa tana haki ta daina cin abinci, in ba ci kuwa ba nono. Ga kaska, cutar da kaska ke sawa, tamu ta gida ta ɗan yi laushi ta tashi, ita Sanen kuwa kwana biyu za ta kayar da ita. Kuma wancan lita ukun ba daga iska yake zuwa ba, abinci ne mai kyau safe da yamma duk shekara, har da rani lokacin da ɗaurin harawa ya yi tsada. In kana Jos ko Mambila kuma kana da hali, bismillah. In ba haka ba wallahi jajayen awaki biyu masu kyau sun fi maka Sanen ɗaya, ko ba komai in ɗaya ta kwanta ciwo ɗayar na nan.

Anglo-Nubiyan ita ce a cikin na waje na fi yarda da ita don wannan aiki. Za ka gane ta da dogon kunne mai lilo da hanci a gantsare, jininta akwai na awakin Indiya da Gabas ta Tsakiya da arewacin Afirka shi ya sa ta fi Sanen jure zafi, nononta bai kai na Sanen yawa ba amma maiƙonsa na kusan kashi 5, kaga ya fi matsowa kusa da na tunkiya. Shami ma haka, tana son zafi da bushewa. 'Yan uwanmu da ke Sudan sun san wannan harka sosai, can akuyar Nuba a cikin gari ake ajiye ta don nonon shayin gida, kuma sun daɗe suna haɗa ta da Sanen da Shami.

Wanda yake son ƙarin nono kuma baya son jinya, ruwa biyu ne mafita, wato a samu bunsurun Anglo-Nubiyan ko Sanen ko Alfayin ya hau jar akuya ko Buzuwa, 'yar da za a haifa ta ɗauko nono daga wajen uba ta ɗauko juriya daga wajen uwa. Rabi da rabi ya isa, in aka ci gaba da ƙara jinin waje juriyar raguwa take. Sai dai a kasuwa duk akuya fara mai ɗan jiki yanzu Sanen ce a bakin dillali, duk mai dogon kunne kuma Nubiyan ce. Ka nemi ganin uwa da uba in zai yiwu, ko ka tuntuɓi ma'aikatan dabbobi na yankinku, irin su cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya aikinsu kenan binciken irin dabbobi.

Amma fa duk wannan maganar iri rabin zance ne. A cikin iri ɗaya za ka samu akuyar da ke ba da ninki biyu na 'yar uwarta, don haka akuyar da ke gabanka ita za ka duba ba sunanta ba. In ka shiga kara, ko Maigatari ne ko Mai'aduwa ko Wudil ko Illela, fara da baki. Buɗe ka ga haƙoran ƙasa na gaba, manya biyu shekara ɗaya da ɗan kai kenan, huɗu wajen shekara biyu, shida wajen uku, takwas ta cika baki shekara huɗu ko fiye. Mai huɗu ko shida kake so, wadda ta yi haihuwa biyu ko uku, don haihuwar fari nono kaɗan ne kuma ga rawar kai, tsohuwa mai haƙora a cinye kuma ba ta iya cin da zai kawo nono.

Sai ka durƙusa ka kama hantsar da hannunka, kar ka ji kunya kuma kar ka bari dillali ya hanzarta ka. Hantsa mai kyau tana da laushi, ɓangarorin biyu daidai, a manne da jiki ba tana lilo har gwiwa ba inda ƙaya za ta dinga yankarta. In ka ji wani ƙullutu mai tauri a ciki, ko ɓangare ɗaya ya fi zafi, ko ta zabura da ka taɓa, bar ta. Tatso kaɗan daga kowane kan nono a tafin hannunka ka duba, in ka ga gudaji ko ja-ja ko ruwa-ruwa mai rawaya to akwai ciwo. Kan nonon ya zama matsakaici, wanda ya yi kauri da yawa jariri baya iya kamawa. Kuma ka sani akwai masu raba akuya da 'ya'yanta tun daren jajibirin kasuwa don hantsa ta cika tam ta ba da sha'awa, maganin wannan shi ne a tatse ta tas a gabanka, mai nonon gaske hantsarta za ta saki ta yi yaushi, mai nama kawai za ta tsaya yadda take. Shi ya sa siye a gidan maƙwabci ko wani da ka sani ya fi, ka je da safe ka ga tatsa da idonka kwana biyu a jere.

Ka duba hanci ba majina, ido ba kwantsa, gindi ba alamar zawo, baki ba ƙuraje don ƙurajen bakin nan suna kama kan nono su koma bakin ɗan rago. Ka tambaya ko ta taɓa ɓari, in an ce eh ko aka fara kame-kame to haƙura, cutar bakkale na bi ta nono kuma tana kama mutum. Wadda gwiwoyinta suka kumbura ma a bar ta, musamman a cikin na waje da ruwa biyu, akwai wata cutar gaɓoɓi da ke bin nono. In ka kawo ta gida kar ka haɗa ta da garke nan take, ɗaure ta gefe sati biyu zuwa uku, a ba ta maganin tsutsa, a cire kaska, in ba a yi mata rigakafin PPR ba, wato annobar nan ta awaki da tumaki mai sa zawo da majina, a kira malamin dabbobi ya yi, allurar a Vom kusa da Jos ake yinta kuma tana kare dabba shekaru.

Hali ma abin dubawa ne. Akwai akuyar da ko ɗan wata ya zo tsotso sai ta tsaya, matan gida sun fi kowa sanin irin waɗannan a cikin awakinsu, Hajiya in kina da irinta kar ki sayar ko an taya da tsada.

Wani abin da ake mantawa shi ne lokaci. Akuya mai nono ba ta da amfani in ranar da maraya ya zo ita tana da ciki wata huɗu hantsa a bushe. Cikin akuya da na tunkiya kusan ɗaya ne, wata biyar, kwana 150 ko ƙasa kaɗan. To in ka san lokacin da rago ya hau tumakinka, ka sa a ba akuyar bunsuru sati biyu ko uku kafin nan, sai ta riga su haihuwa, lokacin da matsala za ta taso nononta na kan ganiya. Masu garke babba su raba, wata ta haihu yanzu wata bayan wata uku.

Ranar farko kuwa maganar dakashi ce, ba nonon yau da kullum ba. Dakashi shi ne rigakafin jariri, kuma hanjinsa na iya ɗaukarsa ne kawai a cikin awa 24 na farko, mafi kyau ma a awa shida na farko. A ba shi kamar mil 50 a kowane kilo na nauyinsa a shan farko, a yi ta maimaitawa har ya samu wajen mil 200 a kowane kilo kafin kwana ya zagayo. In uwar na da rai a kama ta a tatsa ko da ta ƙi shi, in ta mutu a nemi wata tunkiya da ta haihu ranar, in babu sai na akuya sabuwar haihuwa. Na saniya shi ne na ƙarshe don yakan jawo wa wasu 'ya'yan tumaki ƙarancin jini. Mai firiza da wuta tsayayya, ko sola, ya dinga ɗiban dakashin akuyarsa yana daskararwa a ƙananan robobi, yana yin watanni, ranar buƙata a narkar a cikin ruwan ɗumi, kar a ɗora a wuta don zai dunƙule ya lalace. A sa aidin a cibiya. In lokacin hunturu ne ka sa yatsa a bakinsa, in ka ji sanyi to fara ɗumama shi tukuna kafin ka ba shi komai.

Hanyar shayarwa biyu ce. Ko dai a riƙe akuyar a turke ɗan ragon ya tsotsa da kansa, sau huɗu ko biyar a rana a farko, mutum ɗaya ya riƙe ƙaho ko wuya yana ba ta 'yar dusa, wasu bayan kwanaki sai su saba har su dinga kiransa, in ma an dace ta haihu a ranar sai a shafa masa ruwan haihuwarta a jiki ta lashe shi. Amma kar a bar su su kaɗai a farko, tunkuyi ɗaya ya isa ya karya shi, kuma ɗan rago in ya yi ƙarfi yana dukan hantsa da kai fiye da ɗan akuya, a dinga duba kan nonon ko ya tsage. Ko kuma a tatsa a ba shi a fida, ni na fi son wannan don ka san abin da ya shiga cikinsa. Ramin kan fidar ya zama ƙarami, in ka kifa ya dinga ɗiga ba zuba ba. Nonon da ɗumi kamar jiki, shi kuma yana tsaye da ƙafafunsa, kar a kwantar da shi a ɗaga kai sama a ɗura da buta ko cokali, nono ya bi hanyar iska ya shiga huhu an gama. Kaɗan-kaɗan sau da yawa, ba a cika masa ciki lokaci ɗaya ba, kumburin ciki na kashe na fida da yawa kuma yawanci wanda ya fi ci shi yake ɗauka. Kar a sirka da ruwa, dama bai kai na uwarsa kauri ba. Kar a sa sukari, kar a ba shi koko ko kunu wai don ya ƙoshi, cikinsa bai iya narkar da su ba tukuna. A wanke fida da ruwan zafi duk bayan sha. In akwai rarar nono da mutanen gida za su sha, a tafasa.

Ita kuma akuyar a riƙe ta da kyau tunda baki biyu ko uku take ciyarwa. Harawar wake ko ta gyaɗa, dusa, ƙowa, ɗan ƙuli-ƙuli ko abincin auduga, 'ya'yan gawo in akwai, da ruwa mai tsabta a gabanta kullum don mai shayarwa na shan ruwa sosai. A ƙara abincin a hankali ba rana ɗaya ba. Abu ɗaya a kiyaye, gishirin lasa da abincin kamfani da aka haɗa don awaki ko shanu yakan zo da sinadarin kofa (copper, wato jan ƙarfe) mai yawa, akuya na buƙatarsa amma tunkiya taruwa yake a hantarta har ya kashe ta, don haka a karanta jikin buhu, kwanon akuya daban na 'yan raguna daban.

Daga sati ɗaya zuwa biyu a fara ajiye wa marayan ganyen harawa mai laushi da 'yar dusa da ruwa a ƙaramin kwano, zai fara da wasa har ya iya, banda abincin auduga a wannan lokacin. Yaye kuma kar a bi kwanan wata kawai, a duba ya ninka nauyin haihuwarsa kusan sau uku, yana cin abinci sosai yana tuƙa, yawanci wajen sati shida zuwa takwas ne, in nono na nan a bar shi ya kai wata uku ya fi kyau. A dinga rage yawan shan a hankali cikin sati guda ko biyu. Akuyar kuma in ta sake ɗaukar ciki a daina tatsarta wata biyu kafin haihuwa, ta huta ta tara dakashin zagaye na gaba.